Shirin da muke kallo ya tafi hutu, zai dawo kuwa?

Wata Hajiya daga unguwar Jekadafari a Gombe ta aiko da tambaya. Ta ce akwai wani shiri mai dogon zango da ita da 'ya'yanta da jikokinta suke kallo duk mako, a talabijin idan akwai wuta, a waya idan babu. Zangon ya ƙare ana tsakiyar rikici, aka rubuta musu cewa sai an haɗu a zango na gaba, yau wata biyar ke nan shiru. Ta ji an ce jarumar da ke jan shirin ta yi aure, ta kuma ga daraktan ya fara tallan wani sabon shiri daban. Tana so ta san ko nasu zai dawo, ko su haƙura.

Hajiya, ranki ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na cire sunan shirin daga tambayarki da gangan, domin amsar za ta taɓo aljihun mutane da auren 'yar mutane, kuma abin da zan faɗa ya shafi kusan duk shirye-shiryen da ake yi yanzu.

Bisa alamun da kika bayar, da abin da na gani a shekarun da na yi ina haɗa hoto da kula da lokeshan, wato wajen ɗaukar fim, tsakanin Kano da Jos da nan Bauchi, shirin naku ya fi kusa da dawowa a kan mutuwa. Sai dai zai ɗauki lokaci, kuma ki shirya ganin wata fuskar a matsayin jarumar. Auren nan da sabon shirin daraktan duk ƙananan dalilai ne. Babban mai yanke hukunci shi ne ko zangon da ya ƙare ya mayar da kuɗin da aka zuba masa, har ya bar na fara wani. A nan ne kuma ku masu kallo kuke da hannu fiye da yadda kuke zato.

A zamanin iyayenmu wasan kwaikwayo na talabijin aikin tasha ne. Samanja a Kaduna, Karkuzu a Jos, duk tasha ce ke da kyamara da situdiyo, gwamnati kuma ke ba tasha kuɗi. Haka tashoshinmu na jiha suka yi nasu gwargwadon hali, a Bauchi, da kuma Gombe bayan an ƙirƙiro jihar a 1996. Shiri yana rayuwa muddin yana da kaso a kasafin tasha, ran da kason ya yanke sai kawai a ga wani abu ya hau lokacinsa, babu sanarwa babu sallama. Daga baya kasuwar kaset da faifan CD ta zo, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su karɓi fim su raba shi Arewa gaba ɗaya, furodusa ya tara kuɗinsa ya shiga wani. Wayar hannu da satar fasaha suka durƙusar da wannan kasuwar. Da korona ta zo a 2020 aka rufe gidajen sinima, masu shirya fim suka karkata YouTube da shiri mai dogon zango. A shekarar ne Izzar So da Labarina suka fito, kowa ya ga hanya ta buɗe ya bi.

Shi ya sa yau shirin Hausa yake da iyaye iri biyu. Akwai na tasha, irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, tashar da ta fara aiki a 2014. Waɗannan tasha ce ke ɗaukar marubuta da ma'aikata, tana tsara zango kafin wani ya ƙare, kuma muddin kamfanoni suna sayen lokacin talla a cikinsu, dawowarsu ba abin fargaba ba ce. Ko yawan kashi 13 da kike gani a zango daga tsarin tasha ya samo asali, domin tasha tana sayar da lokacinta ne kwata-kwata, wato wata uku-uku, kuma wata uku mako 13 ne. Sai kuma shirin furodusa mai zaman kansa, wanda ya zuba kuɗinsa ko na wani alhaji da ya yarda da shi, yana ɗorawa a tasharsa ta YouTube, yana kuma kai wa gidan talabijin su nuna bisa yarjejeniya. Naku irin na biyun ne. Shi wannan ginin talaka ake yi masa: idan kuɗin bulo ya samu a ɗora layi biyu, idan ya yanke a bar shi a tsaye har wani ya shigo.

To ta ina kuɗin nasa yake shigowa? Ƙofa uku ce, kuma mafi faɗi ga yawancinsu ita ce YouTube. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla a can sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Babban shiri ya wuce nan tuntuni. Bayan haka, duk tallan da ya bayyana kafin shirin ko a tsakiyarsa, YouTube yana ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na abin da ya samu, ya riƙe 45. Ba a sa talla a tsakiyar bidiyo sai ya kai minti 8, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon wuraren da za a iya sa tallan, abin da ya sa masu shiri suke son kashi ya yi tsawo. Ana biya da dala, wata-wata, idan abin da aka tara ya kai dala 100.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne kallo ba farashinsa ɗaya ba. Kuɗin da kamfani yake biya don a nuna wa mutumin Gombe ko Azare talla bai kama ƙafar wanda ake biya don a nuna wa mutumin Jidda ko Landan ba, domin kamfanonin da ke talla a can sun fi yawa, sun fi gasa. Saboda haka sai ki ga shiri yana da kallo mai yawan da za a ce mai shi ya gama arziki, amma da ya cire kuɗin aiki sai a tarar da ƙyar ya mayar da uwar kuɗi. 'Yan uwanmu da ke zaune a Saudiyya da Ingila da Amurka, waɗanda ke kallo saboda kewar gida, suna riƙe da shirye-shiryen nan fiye da yawansu.

Yanzu ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Ki tsaya da yamma a bakin kasuwar Wunti a nan Bauchi, ko wajen Tashar Dukku a can wajenku, ranar da sabon kashi ya fito. Za ki ga ɗan shago, yaro zaune gaban kwamfuta, wayoyi jere a kan tebur kowace da igiyarta, an manna fostocin jarumai a bango. Mai achaba ya tsaya ya miƙa waya, yarinya ta zo da memori a ƙulle a gefen hijabi an aiko ta daga cikin gida, yaron yana tambaya kashi na nawa aka tsaya. Shi sau ɗaya ya sauke shirin da safe, ya tura wa duk wanda ya zo a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wanda aka tura wa ya je gida ya watsa wa maƙwabta ta Xender. A daren nan unguwa guda za ta kalli shirin, a yi ta muhawara a kansa a gidan suna da wajen mai shayi, amma a lissafin da ke zuwa wa furodusa a Kano, mutum ɗaya ne ya kalla. Ba na zagin yaron nan, sana'a ya samu a ƙasar da aiki ya yi wuya, kuma ba na zagin mai zuwa wajensa, domin data ta yi tsada, musamman bayan da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Amma gaskiyar ita ce soyayyar da ba ta shiga lissafi ba ta biyan kuɗin zango na gaba. Na sha ganin shirin da duk inda ka zauna maganarsa ake yi, mai shi kuwa yana neman bashin kuɗin man janareta.

Ƙofa ta biyu ita ce masu ɗaukar nauyi: mai shagon atamfa da leshi, mai sayar da filaye, mai turaren wuta, makarantar kuɗi, mai maganin gargajiya. Su ne tallan da ake katse shirin a saka, ko ki ga jaruma ta shiga wani shago ana nuna allonsa. Kuɗinsu yana da albarka domin a hannu yake zuwa kafin shiri ya fita, sai dai ba shi da tabbas. Mun taɓa yin aikin da wani kamfani ya yi alkawarin ɗaukar nauyin zango guda, ya biya na kashi-kashin farko, da kasuwarsa ta ja baya sai ya daina ɗaga waya. Muka ƙarasa zangon da bashi, na gaba kuma bai taɓa fitowa ba, alhali an rubuta shi tsaf yana ajiye har yau. Ƙofa ta uku ita ce abin da gidan talabijin ko manhajar kallon fim ta biya, kuma ba kasafai yake isa ya ɗauki zango shi kaɗai ba.

A ɗaya ɓangaren kuma kuɗin aiki ya yi tashin gwauron zabo. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Lokeshan kuwa da fetur yake numfashi. Tun da safe janareta ke aiki saboda fitilu da cajin batiran kyamara, motoci suna jigilar mutane daga wannan gida zuwa wancan, ga abincin ma'aikata da jarumai sau biyu ko uku a rana, ga kuɗin masauki ga waɗanda suka zo daga Jos ko Kaduna, ga hayar gidan da ake nuna shi a matsayin gidan alhajin labarin, ga sutura, ga mai kwalliya. Dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Wannan ya ɗan taimaki masu karɓar kuɗin YouTube, tunda da dala ake biyansu, amma kyamara da fitila da na'urar ajiye hotuna su ma da farashin dala ake sayensu ko a yi hayarsu. Abin da ya shigo ta nan ya fice ta can.

Saboda haka furodusa mai hankali ba ya komawa lokeshan sai ya tara abin da zai ɗauki aƙalla rabin zango. Wanda ya shiga da kuɗin kashi uku yana fatan sauran su zo a hanya, shi ne za ki ga yana ɗauka ranar Talata yana haɗawa daren Alhamis don ya saki Juma'a, edita ya kwana gaban kwamfuta ido ja, sauti bai daidaita ba, a fito da shi haka. Wata biyar na shiru a wajen furodusan da ya san abin da yake yi, lokacin tara kuɗi ne da rubutu. Ni shirun bai tsorata ni ba.

Maganar auren jaruma kuwa, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Al'adar masana'antar ce mace idan ta yi aure ta ajiye fitowa a fim, kuma duk marubucin da ya daɗe a harkar ya san da haka tun ranar da ya ɗora labari a kan budurwa. Hanyoyin fita sanannu ne. Ko a kawo wata a ce ita ce, masu kallo su yi ƙorafi mako biyu su saba. Ko labarin ya tura ta karatu ƙasar waje, ko ya kashe ta, nauyin ya koma kan ƙanwa ko kishiya. Ko kuma a rufe labarin a buɗe sabo da sunan shirin. Labarina ya bi biyu daga cikin hanyoyin nan: da Nafisa Abdullahi ta bar shi aka ba wata matsayinta, daga baya kuma aka shiga wani labarin daban da sababbin jarumai, sunan yana nan. Rashin da ya fi aure girma ma bai tsayar da manyan shirye-shirye ba. A 2022 Allah ya yi wa Umar Malumfashi rasuwa, wanda ya fito a matsayin Yakubu Kafi Gwamna a Kwana Casa'in, kuma a shekarar ce daraktan Izzar So, Nura Mustapha Waye, ya rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Duka shirye-shiryen biyu sun ci gaba. Idan shiri yana ciyar da mutanen da ke aiki a cikinsa, za a nemo yadda za a yi da labarin.

Illar auren dai ita ce jinkiri. Idan an riga an rubuta zango na gaba da jarumar a tsakiya, dole marubuci ya koma ya warware shi. Idan kuma an riga an ɗauki wasu fitowa da ita, sun zama asara, sai an sake su da sabuwar. Wannan kaɗai yana iya cin wata biyu ko uku, kafin a zo ga haɗa kan sauran jarumai, waɗanda kowannensu yana cikin shiri uku ko huɗu a lokaci guda. Samun mako guda da manyan jarumai biyar za su kasance gari ɗaya babu mai wani alkawari, yana daga cikin ayyukan da suka fi ba ni wahala a rayuwata. Ga kuma kwantiniti, wato tabbatar da komai ya dace da yadda aka bar shi: zangon baya ya ƙare mutum yana tsaye a falo da gemu da shuɗiyar shadda, zango na gaba zai buɗe a wannan daƙiƙar, shi kuwa ya aske gemun saboda wani aikin, shaddar ta ɓata, mai gidan ya canza fenti da kujeru ko ma ya sayar da gidan.

Sabon shirin da daraktan ya fara yana iya zama albishir, yana iya zama akasin haka, kuma akwai yadda za ki gane. Ki duba a tashar da aka ɗora shi. Idan a tashar da shirinku yake ne, da sunan kamfani ɗaya, to dabara ce ta hana tasha yin sanyi, domin tashar da ta yi watanni ba ta saki komai ba kallonta yana raguwa, kuɗin wata ya ragu. Sau da yawa ƙaramin shirin da aka saka a tsakani shi ke tara kuɗin babban. Idan kuwa a wata tashar daban ne, ƙarƙashin wani furodusa, kuma ya tafi da mai kyamara da edita da rabin jaruman, to akwai yiwuwar an samu saɓani a kan kuɗi ko mallakar shirin. Irin wannan saɓanin ya fi aure da tsadar fetur kashe shiri, domin har a sasanta masu kallo sun koma wani wajen.

Akwai kuma hukuma. Shirin da ake yi a Kano yana ƙarƙashin Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001. A watan Mayun 2025 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ana sakin su ba tare da an kai an tace ba. Irin wannan dakatarwa a bainar jama'a ake yin ta, gidajen rediyo da jaridu suna ɗauka. Tunda ba ki ji an ambaci naku ba, ki cire wannan daga lissafi. Abin da ya rage shi ne kai kowane kashi a duba kafin a saki yana ƙara kwanaki a kan aikin.

Sai kalanda. Ba a cika sakin sabon zango dab da azumi ba, domin hankalin mutane ya koma tafsiri da ibada, yawancin masu shiri ma hutu suke tafiya har bayan ƙaramar Sallah. Tsakiyar damina tana wahalar da ɗaukar waje, hadari ya canza haske ana cikin fitowa ɗaya, ruwa a kan kwano ya cinye sauti. Kuɗin talla a YouTube kuma yana hawa a watannin ƙarshen shekara ya faɗi a Janairu. Furodusa yana auna duk wannan kafin ya sa rana.

Idan kina son ki auna da kanki, ki sa ɗaya daga cikin jikokin ya buɗe miki tashar shirin ta asali ku duba tare. A ƙarƙashin kowane kashi akwai adadin kallo. Ku kwatanta na farkon zangon da na ƙarshensa. Idan adadin ya tsaya daram ko ya ƙaru, shirin yana da rai, babu furodusan da zai yar da shi. Idan ya yi ta zubewa har na ƙarshe bai kai rabin na farko ba, to a yi addu'a. Ku kuma tuna tallace-tallacen da ke cikin kashi-kashin ƙarshe: sun ƙaru ne ko sun ɓace? Ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗinsa inda ido ya bari. Akwai wata alamar da mu masu haɗa hoto muka fi kowa ganewa, wato idan kashi ya fara gajarta, ana cika shi da tuna baya da doguwar waƙa da nuna mota tana tafiya a titi, mutane biyu suna zaune a falo ɗaya suna maimaita maganar makon jiya. Wannan yana nufin hotunan da aka ɗauka sun ƙare kafin zangon ya ƙare, kuɗin komawa lokeshan kuma babu. Shi kuwa yanke labari ana tsakiyar rikici da rubuta cewa za a haɗu a gaba, kada ki ɗora komai a kansa. Kowa yana yin haka, har wanda ya san aljihunsa wayam yake, domin da shi zai je wajen mai kuɗi ya ce ga jama'a suna jira.

Alamar da ba ta ƙarya ita ce hoton lokeshan. Ran da kika ga jaruman suna saka hotuna sanye da suturar shirin, ga allon ɗauka an rubuta sunansa da lambar sabon zango, to an zuba kuɗi, kuma wanda ya zuba ba zai bari su kwana a ƙasa ba. Daga nan zuwa fitowar tirela, wato guntun bidiyon tallan zangon, yawanci 'yan makonni ne zuwa wata biyu. Idan kuwa shekara ta zagayo cur babu hoton lokeshan, babu fosta, tashar ma ta daina saka ko guntayen tsofaffin fitowa, to ku ɗauka ya tsaya.

Duk wannan a kan shirin gida nake magana. Fassararrun shirye-shiryen Indiya da Turkiyya hukuncinsu daban, domin can aka yi su, kuma sau da yawa sun riga sun ƙare shekaru kafin a fassara mana. Ertugrul, misali, zango 5 ne, ya fara a 2014 ya ƙare a 2019, babu na shida, labarin ɗansa Usman kuma shiri ne mai zaman kansa. A irinsu jiran mai fassara ake yi kawai.

Abin da nake roƙonki, Hajiya, ke da duk gidan da ke da hali, shi ne idan shirin ya dawo a samu ko waya ɗaya a gidan da za ta kalle shi a tasharsa ta asali, a ranar da ya fito ko washegari. A rage ingancin hoton a cikin saitin bidiyo, data ba za ta tafi da yawa ba, kuma a waya hoton yana fita sarai. Idan talla ya zo a ɗan yi haƙuri da shi. Idan kun sayi kaya a shagon da kuka gani a shirin, ku gaya wa mai shagon a nan kuka gan shi, domin da wannan maganar zai sabunta yarjejeniyarsa. Na fi matsa wannan roƙon saboda yaranmu na Bauchi da Gombe. Akwai masu basira sosai a garuruwan nan, suna haɗa kuɗi su yi hayar kyamara su fara shiri da labarin unguwanninmu da irin Hausarmu, wani lokaci har da Fulatanci a ciki, sai su kai kashi na biyar ko na shida su tsaya. Garin ya kalla, an yaba, an tsayar da su a hanya an yi hoto da su, amma tashar tasu ko awa 4,000 ɗin nan ba ta cika ba, domin ta waya zuwa waya aka kalle su. Su ba su da alhajin da zai jure asarar zango biyu kamar manyan Kano.

Kafin shirin ya dawo kuma za ku yi ta cin karo da bidiyoyi masu ɗauke da sunansa, an rubuta sabon zango kashi na 1, da hoton jarumar tana kuka. Tsofaffin fitowa ne aka yayyanka aka haɗa, ko wani yana zaune yana ba da labarin abin da yake hasashe. Masu yin haka kuɗin talla suke ci da sunan wahalar wasu, ku kuma datarku ta ƙone. Ku duba sunan tashar da ke ƙarƙashin bidiyon. Idan ba ita ce wadda kuka kalli zangon baya a cikinta ba, wadda duk kashi-kashin suke jere daga na farko, ku wuce shi. Sabon zango a can zai fara fitowa, kuma za a yi tallansa da rana da lokaci kafin ya zo.